Takabata a Ɗakin Haya na Agege

A gaban wata tirelar albasa na shigo Ikko, a maƙure bayan kujerar direba, na rungume kan keken ɗinkina da na naɗe cikin bargo. Direban ɗan wajenmu ne, daga ƙauyukan Funtuwa, shi ya sa bai karɓi ko sisina ba. Da muka tsaya a kasuwar Mile 12 na sauko da ƙyar, ƙafafuna sun kumbura sun ƙi shiga silifa. Ban taɓa ganin taron mutane irin wannan ba, kowa gudu, kowa ihu, ƙasa kuwa duk caɓi da ruɓaɓɓen tumatir. Ina tsaye ina rarraba ido sai ga maigidana, Baban Ummi, da gammo a hannu. Ya rame har wuyansa ya ƙara tsawo. Bai kula ni ba sai da ya gama gaisawa da direba da duk wanda ke kusa, sannan ya dubi bargon ya ce, "To, keke kika rungumo, ni ko ƙuli-ƙuli babu?"

Akwai ƙuli-ƙulin a ƙasan jaka, amma ban nuna masa ba sai washegari, don ya ji a jikinsa.

Ba yawon buɗe ido ya kawo mu ba. Gona ce ta gagara shiga, wanda ya je noma sai iyalinsa su wuni da zullumi. Baban Ummi ne ya fara tahowa yana dako a kasuwa, ni kuma na biyo baya in haɗa da ɗinki. 'Yarmu Ummi muka bar ta a wurin mahaifiyata saboda makaranta, kuma rabuwa da ita shi ne abin da ya fi cina a duk zaman da na yi a garin nan.

Zangonmu na farko Abule Egba ne. Kafin in zo ya riga ya kama mana ɗaki a can, ta hannun wani da ya ce shi ejan ne, wato mai nemo wa mutane haya. Muka loda kayanmu a danfo, wato ƙaramar bas ɗin haya ta garin, ina ta washe baki zan ga ɗakina. Da muka isa sai muka tarar da wata mata tana soya kifi a ƙofar ɗakin, 'ya'yanta na kwance a ciki. Ga kuma wani bawan Allah a tsaye da katifa a ka, shi ma da makulli irin namu sak. Mai gidan ya fito ba riga, ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya ce wa ya turo mu, ina takardarmu? Baban Ummi ya ce ai sun yi musabaha da mutumin, har ya sa masa albarka. Mai gidan ya yi dariya har da riƙe ciki, ya koma ciki abinsa.

Wani ɗan Maraɗi mai shagon kayan masarufi a bakin titin ne ya ga abin da ya faru. Ya ce, "Malam, kada ka bar iyalinka a titi, ku shiga bayan butik," wato shagon nasa. A bayan buhunan shinkafa muka kwana makonni, bai taɓa nuna mana gajiya ba, kullum da safe sai ya miƙo mana shayi ta saman kanta. Ban san inda yake ba yanzu, amma ban fasa sa shi a addu'a ba.

Daga nan Baban Ummi ya zama mutumin takarda. Da aka samo mana ɗaki a Agege, a wani dogon gida mai ɗakuna na kallon juna da lungu a tsakiya, ya kafe sai an rubuta. Mai gidan wani tsohon Bayarabe ne, ana ce masa Baba Alaji, mutum mai sauƙin kai. Ya sa aka bugo takardar yarjejeniya, suka sa hannu, ya ba shi rasit. Baban Ummi ya dawo da su cikin leda yana ta hura hanci, ya ɗaga katifa ya ajiye. Ya ce, "Yanzu kam ki miƙe ƙafa, babu mai ce mana tashi." Ni ban iya karatun boko ba, ban kuma tambayi abin da ke ciki ba.

Ɗakin ƙarami ne, in ya miƙe ƙafa sai ta taɓa kwandon kwanuka. Banɗaki ɗaya ne ga dukan gidan, sai ka kama layi da bokitinka. Amma na so ɗakin nan. Na kafa kekena a bakin ƙofa inda haske ke shigowa, matan unguwa suka fara kawo min gyaran zane da ɗinkin yara. A nan na san Hajiya Larai, wata dattijuwa da ke gidan da ke kallon namu. Bahaushiya ce, amma a Agege aka haifi uwarta ma, kakanta soja ne tun zamanin Turawa. In tana magana Hausa da Yarabanci da Turanci duk tare suke fitowa, ni in bi wani in rasa wani. Tana yi min tsiya wai ni 'yar daji ce, ina tsoron okada kamar kura. Ɗakin da ke kallon nawa kuma na Iya Basira ne, mai sayar da ƙosai. Ba ta jin Hausa, ba na jin Yarabanci, amma mun yi shekara biyu muna hira da hannu, ba mu taɓa saɓawa ba.

Duk da haka gida bai fita raina ba. Garin nan ba ya yin shiru, janareta da masallatai da coci da masu kiɗa duk a kunnenka. Wani lokaci ina cikin taka keke sai in tuna ƙarar daka da hantsi a gidanmu, in ji hawaye na zubo min a kan kayan mutane. In na kira gida Ummi ta ce, "Umma, yaushe za ki dawo?" sai in ce da sallah. Salloli sun wuce haka nan.

A shekara ta biyu Baba Alaji ya rasu. 'Ya'yansa ba a unguwar suke zaune ba, sai suka damƙa gidan ga wani ejan, Oga Femi. Mutum ne fes-fes, kullum da jakar takardu a hammata, ba ya zagi, ba ya ɗaga murya. Da farko har na ce ga mutumin kirki.

Da damina ta kama, Baban Ummi ya dawo daga kasuwa da zazzaɓi da ciwon ciki. Na ce mu je asibiti, ya ce maganin kemis ya isa, kuɗin da ke hannunsa na haya ne, ba zai taɓa ba. Muka yi ta ja har na yi fushi na daina magana. Ya kwana uku a haka. Ranar ta huɗu bayan sallar asuba ya ce in ba shi ruwa, na ɗago kansa ya kurɓa, ya koma ya kwanta, shi ke nan. A kan katifar nan, a hannuna.

Kafin rana ta yi zafi 'yan garinmu sun cika lungun daga kasuwa. Suka yi masa wanka, suka yi masa sutura, aka sallace shi a ƙofar masallaci, kafin azahar an dawo daga maƙabarta. A wurinmu gatan mamaci ke nan, a gaggauta kai shi makwancinsa. Babu likitan da ya gan shi, babu wanda ya rubuta komai, kuma cikin taron nan kaf babu wanda ya kawo tunanin haka. Da wani ya ce a tsaya neman takarda gawa na kwance, da sai an ce ba shi da imani.

Na shiga takaba. Na cire ɗan kunne, na ajiye kwalli da turare, na rufe keke da bargonsa. Limamin unguwa ya zo ya tsaya daga bakin ƙofa ya ce, "Baiwar Allah, wata huɗu da kwana goma ne, kuma a ɗakin da ya bar ki za ki yi su. Kada ki kwana a wani wuri sai in abin ya fi ƙarfinki." Mahaifiyata ta kira tana kuka ta ce in taho gida, wa nake da shi a Ikko? Na ce mata a'a. Mutumin nan ya hana kansa asibiti don kada a tashe mu daga ɗakin nan, ni kuma na bar shi ya mutu ina fushi da shi. Ba ni da abin da zan yi masa a duniya da ya wuce in zauna masa a ɗakinsa har in gama. Wannan kaɗai na sa a gaba.

Takaba ta kusa rabi lokacin da shekarar hayarmu ta cika. Ban damu ba, don kuɗin na nan a ƙulle yadda ya bari. Oga Femi ya zo da hantsi, na aika aka kira Hajiya Larai ta yi mana tafinta. Na zauna daga ciki, na ja mayafi, na turo ledar takardun da kuɗin zuwa bakin ƙofa. Ya ɗauki takardun, kuɗin kuwa ko kallonsu bai yi ba. Ya karanta a tsanake, ya yi magana mai tsawo.

Hajiya ta juyo ta ce, "'Yata, ya ce wai agirimen ɗin nan, yarjejeniyar hayar, da mijinki aka yi, ba da ke ba. Akwai wurin da ake rubuta waɗanda za su zauna a ɗakin, shi kuma ba a rubuta kowa ba."

Na ce, "Hajiya, ai ya san ni. Kullum yana wuce ni a kan keke."

"Na gaya masa. Ya ce ido daban, fefa daban."

Daga baya na ji yadda aka yi daga bakin wanda ya raka shi ranar sa hannu. An tambaye shi sunan matarsa, shi kuma ya sunkuyar da kai ya ce a bar wurin kawai. Ba zai iya zama gaban maza baƙi yana faɗar sunan iyalinsa ana rubutawa ba. A garinmu da ya yi haka yaba masa za a yi.

Oga Femi ya shiga lissafo abin da zan kawo kafin a sabunta da sunana, Hajiya na juyawa. Takardar shaidar mutuwarsa. Takardar shaidar cewa ni matarsa ce. Katin shaidata da hotona. Sai mai tsaya min, wanda ke da gidan kansa a Legas. Hajiya ta ce ita za ta tsaya min, wannan an gama. Kati ina da shi. Amma aurenmu a zauren gidanmu aka ɗaura shi, da waliyyai da shaidu da goro, babu wanda ya ba mu ko ƙyallen takarda. Mutuwar kuwa ga yadda ta kasance.

Sai ya leƙo kansa kaɗan ya yi min tambaya kai tsaye. Hajiya ta ce, "Ya ce ki faɗi sunan mijinki."

Tun da aka kai ni gidansa ban taɓa kiran sunan nan da bakina ba, haka na ga uwata ta yi, haka kakata. Ko wani mai irin sunan ne ya zo gidanmu, sai dai in ce mai sunan Malam. Ga shi kuma bai daɗe a ƙasa ba. Na ce, "Baban Ummi."

Hajiya ta yi saurin faɗar sunan. Ya ɗaga mata hannu ya ce ba ita ya tambaya ba. Ya dube ni ya ce, "Oya, madam," wato maza in faɗa. Mutanen gidan sun fito lungu suna kallo. Na buɗe baki, wallahi na so in faɗa, harshena ya ƙi. Ya jira kaɗan, ya yi murmushi, ya rubuta wani abu a takardarsa, ya ce matar da ba ta san sunan mijinta ba shi bai san me zai gaya wa masu gida a kanta ba. Hajiya ta balbale shi da Yarabanci har ya fita daga gidan, ko a jikinsa.

Da ta dawo tana haki ta ce, "Ke ma kin cika kunyar banza! Amma ko kin faɗa ba zai bari ba. In kika tashi, sabon tenan, mai shiga haya bayanki, zai biya shi kuɗin ejan da na agirimen, a ƙara haya kuma. Ke me zai samu a jikinki? So yake ki fita kawai."

A nan Ɗan'asabe ya shigo. Ɗan garinmu ne, tare suke aiki da Baban Ummi a kasuwa, yana cikin waɗanda suka ɗauki makara. Ya zo ya durƙusa a ƙofa ya ce, "Matar yaya, kada ki sa damuwa. Na san wani a Ogba, duk takardun nan biyu zai fitar mana cikin mako. Yaya ya wuce a ce an wulaƙanta iyalinsa ina raye." Ya ce sai an haɗa da katin shaidar mamacin da takardar gidan da rasit, don a ga sunan ya yi daidai. Na ɗauki ledar gaba ɗaya na miƙa masa. Kuɗin aikin kuma ban yarda in taɓa na haya ba, sai na sa aka sayar da kekena. Ina zaune aka fita da shi.

Mako ya wuce, wani ya bi bayansa. Wayar Ɗan'asabe in an kira sai ta ce a kashe take. Hajiya ta sa aka bincika a kasuwa, aka ce an ga ya hau mota a Iddo da jakarsa, wasu suka ce Fatakwal ya nufa. Ranar na yi kukan da ko ranar mutuwar ban yi irinsa ba. Baƙon da ya cuce mu a Abule Egba bai san mu ba, wannan kuwa ya ci tuwona ba sau ɗaya ba, ya san inda gidan ubana yake. Har yau ban yafe masa ba, kuma ba na jin zan yafe.

Liman ya ce tunda lalura ce ina iya fita da rana in dawo kafin magariba. Hajiya ta riƙe hannuna muka shiga danfo zuwa Ogba, inda ake rantsuwa a ba mutum takarda. Fitata ta farko ke nan tun rasuwar, hasken rana har yana kashe min ido. Muka daɗe a kan benci kafin a kira mu. Wata mata muka samu a bayan tebur, mai gilashi, ba ta yi mana wulaƙanci ba ko kaɗan. Ta ɗauki biro ta tambayi sunan mamacin. Hajiya ta matse min hannu.

Na faɗa. A hankali ya fito, ga janareta na ruri a bayan taga, matar ta kawo kunne ta ce in sake. Na sake faɗa da ƙarfi, har na bayanmu suka ji. Ji na yi kamar an yaye min zane a kasuwa. Ta rubuta, sannan ta ce ina katinsa, ina wata takarda daga asibiti ko daga maƙabarta, ina ɗan'uwansa namiji da zai tsaya? Babu ko ɗaya. Ta ajiye biron ta yi wa Hajiya bayani cewa ana iya yi, amma sai an bi wurare, sai an kawo shaidu daga masallaci, ta auren kuma sai an nemo daga can inda aka ɗaura. Abu ne na watanni. Ta dube ni ta ce, "Pele," wato sannu. Muka dawo hannu wofi, ina ta maimaita istigfari a cikin mota ban san na mene ne ba.

Mun tarar an manna takarda a ƙofata, wai an ba ni kwana bakwai in fita. Hajiya ta tara dattawan unguwa suka sami Oga Femi. Suka ce ba sabuntawa take nema ba yanzu, a karɓi kuɗin watannin da suka rage mata na takaba, ko ninki ne, in ta gama ta tafi. Ya saurare su da ladabi, ya ce ba zai karɓi ko kwabo ba, don in ya karɓa na zama 'yar haya ke nan. Ya ce shi bai san wata takaba a cikin doka ba, in akwai a nuna masa a rubuce.

Na ƙi fita. Kwanakin suka cika, ina zaune a kan katifata. Sai ga kafinta da safe, wai an turo shi gyaran ƙofa. Ya kwance ta daga jikin bango, ya saɓa a ka ya tafi da ita, bai dawo ba. Na zauna a buɗe, mace mai takaba, duk wanda zai wuce banɗaki sai ya gan ni. Iya Basira ta fito ta tsaya tana kallon ramin ƙofar, ta koma ɗakinta ta ciro labulenta ta zo ta buga min da ƙusa da dutsen niƙa. Nata ɗakin ya zauna babu labule. Tun daga ranar kuma kullum sai ta turo min ƙosai a takarda ta ƙarƙashinsa, ko na ce na ƙoshi.

Haka na yi kusan wata guda. Na fara ganin kamar zan kai, don abin da ya rage bai fi makonni ba. Hajiya ta ce in suna son fitar da ni bisa ƙa'ida sai sun je kotu, kotu kuwa ba ta sauri. Ashe Oga Femi ma ya san da haka. Wata ranar Talata da rana tsaka na ji takun mutane a saman kaina. Kafin in gane me ake ciki haske ya faɗo cikin ɗakin, sun ɗaga kwanon rufi biyu daidai kan ɗakina, wai yana yoyo za a canja. Na ɗaga kai na ga sama.

Wanda bai ga ruwan Legas ba bai san ruwa ba. Ranar da yamma ya sauko. Na ja katifa zuwa kusurwar da ta rage da rufi, na tara bokiti da tukwane, duk a banza. Maƙwabta suka taimaka da leda babba aka ɗaure, iska ta yage ta. Aka sake ɗaurawa, aka wayi gari an yanke igiyar, ba a san wa ya yanke ba. Katifar da ya mutu a kai ta jiƙe ta fara wari, sai da aka fitar da ita. Na koma kan tabarma a jingine da bango, ƙafafuna cikin ruwa. Hajiya ta yi lallashi, ta yi faɗa, har ta ce, "Ke dai taurin kai gare ki kamar jakin dako! Mutuwa za ki yi a bi ki da wata jana'izar?" Na ce mata saura kaɗan.

Zazzaɓi ne ya kayar da ni. Na kwana biyu ban san inda kaina yake ba, ana ɗura min koko da cokali. Da na farfaɗo na ji muryar liman daga bayan labule. Ya ce, "Baiwar Allah, na gaya miki tun farko, sai in abin ya fi ƙarfinki. To ya fi. Ɗakin da babu ƙofa babu rufi ba wurin zama ba ne, Allah bai ɗora miki wannan ba. Ki koma gidan Hajiya ki ƙarasa, takabarki ta yi, ni ne shaida." Na juya fuskata bango na yi ta kuka, don na san ba ni da sauran ƙarfin da zan ce a'a.

Ko fitar ma sai da takarda. Oga Femi ya zo da jakarsa ya ce ba za a fitar da ko cokali daga gidan ba sai na dangwala yatsa a kan cewa na bar ɗakin da son raina, na miƙa makulli, ba na bin kowa komai. Makullin ƙofar da suka ɗauke da kansu. Na ce Hajiya ta karanta min kafin in taɓa. Ta sa gilashi tana bi da yatsa, sai ta tsaya, ta ɗago ta dube shi, ta faɗi wata kalma da Yarabanci da ta sa mutanen lungun suka yi tsit.

Na ce, "Hajiya, me ya rubuta?"

Ta ce, "Ya sa sunanki. Ya ce ke ce matar marigayin, mai gadon hayarsa. Don ki fita kam ya yarda ke matarsa ce."

Na dangwala. Tawadar har ta ɓata gefen takardar. Iya Basira da Hajiya suka kama ni ta kowane gefe, aka loda 'yan kwanukana a baro, muka tsallaka titi. Ba mu gama shiga gidan Hajiya ba na ji bugun guduma a bayana. Na waiga, sai ga mutanen nan a saman rufin suna mayar da kwanon, shi dai wanda suka ɗaga. Kafin la'asar ƙofar ma ta dawo.

A ɗakin ajiyar Hajiya na ƙarasa sauran kwanakin, tagarsa na kallon gidan. Ina gani aka yi wa ɗakin fenti, ina gani wasu sababbin aure suka shigo da kayansu suna dariya. Ban ji haushinsu ba. Ranar da na fita takaba Hajiya ta ɗinka min sabon zane, ta sa aka yi min kitso, mata suka zo suna yi min barka. Kowa cewa yake Allah ya karɓa. Kuɗin hayar da aka ƙi karɓa, da su na shiga motar gida.

Yanzu ina Funtuwa tare da Ummi, ina ɗinki a kan keken aro. In aka tambaye ni ko na gama masa takaba, cewa nake yi na gama, tunda haka malamai suka ce, kuma sun fi ni sani. Amma ɗakin nan da ya hana kansa magani dominsa, ban iya zauna masa a ciki har ƙarshe ba, kuma babu abin da liman zai faɗa da zai cire min wannan.